Agogon da Na Saya wa Baffa

Mahaifina, Malam Ja'afar, bai taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yar fari, shi kuwa Bafillace ne irin waɗanda ko sun shekara hamsin a cikin gari, shanu sun ƙare, Fillanci ya gudu daga bakin 'ya'ya, kunyar ɗan fari tana nan daram. Da ina yarinya, in zai yi maganata sai ya ce "yarinyar nan". Da na zama nas aka tura ni Dutse, sai na koma "ta Dutsen nan". In na zo gida na durƙusa a bakin zaure ina gaishe shi, zai amsa yana kallon tabarma: lafiya lau, ya hanya, madalla. Shi ke nan an gama. Ƙanena Munzali kuwa, autanmu, har cikin kwanonsa yake sa hannu, su yi ta musu kamar sa'anni. Da zan ce ban taɓa jin haushin Munzali ba, na yi ƙarya, na ji, har yanzu ma ina ji. Abin da nake nema a wurin Baffa tun tasowata bai wuce hira ba, ko ta minti biyar ce. Sai da na haura shekara arba'in na same ta.

An haife shi a wata ruga kusa da Baturiya. Tun yana ɗan shekara bakwai yake bin shanu, damina a tudu, rani a fadama, kuma duk wanda ya san shi a lokacin abu ɗaya yake faɗa: ba a jerawa da Ja'afar. Dogo ne, siriri, in ya saɓa sanda a kafaɗa ya rataya hannuwa biyu a kanta, sai dai ka hango ƙeyarsa. Shekarun fari da ciwon shanu suka cinye garken gidansu, ya shigo Haɗeja da mata da ɗan abin da ya rage, ya sayi fili a Matsaro, ya samu gona a fadama. Ya koyi noman shinkafa yana babba, manoman gado suna yi masa dariya, har ya zo ya fi wasunsu. Da rani ya yi alkama. Bai yi arziki ba, amma duk mu shida sai da muka yi makaranta, kuma ba mu taɓa kwana da yunwa ba.

Amininsa ɗaya ne a duniya, Baba Ari Fannami, Babarbare mai sayar da bandar kifi a kasuwa. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, to su biyun nan sun mai da shi sana'a. Baba Ari ba ya kiransa da komai sai "Fulata" ko "bawana", Baffa kuma ya ce ai da kuɗin nono kakansa ya sayi kakan Ari, kuma an cuce shi a cinikin. Kullum bayan la'asar Baffa yana rumfarsa a zaune a kan buhu, suna yi wa juna tsiya har a kira magariba. A nan kawai na taɓa jin Baffa yana dariya da ƙarfi, shi ma daga nesa, ina wucewa.

Girma ya zo masa da hutun da bai saba da shi ba. Munzali ya sayi adaidaita sahu, ya ce daga yau Baffa ya daina taka ƙasa. Gona a kai shi, masallacin Juma'a a kai shi, rumfar Baba Ari a kai shi. Cikin shekara uku mutumin da aka sani kamar sillen kara ya ajiye tumbi. Ya fara yawan shan ruwa, yawan zagawa, kasala. Da aka auna shi aka ce ciwon suga ne, ga hawan jini a kai. Likita ya ba shi magani ya ce ya riƙa tafiya a ƙafa. Ni ma na faɗi haka, amma a gidanmu maganata ba ta isa wurin Baffa kai tsaye. Sai in faɗa wa Inna, Inna ta faɗa wa Munzali saboda ita ma kunyata take ji, Munzali ya faɗa masa cikin wasa, shi kuma ya ce to. Kafin ta isa ta zama ruwa.

Da babbar salla ta zagayo na zo masa da agogo. Baƙi ne, na roba, irin wanda ke ƙirga takun mutum da bugun zuciyarsa da barcinsa. Na haɗa masa da waya, na sa Munzali ya ɗaura masa, ina tsaye daga bakin ƙofa ina ba da umarni. Na saita shi yadda duk abin da ya ƙirga zai fito a wayata a Dutse. Munzali ya yi masa bayani cewa ana son taku dubu goma kullum, in ya cika agogon zai yi rawa a hannunsa. Baffa ya juya hannu ya duba, ya ce da can da yake zuwa Kirikasamma ya dawo kafin azahar, wa ya ƙirga masa? Na koma Dutse ina ganin na yi asarar kuɗina.

Rana ta uku, ina wurin aiki wajen ƙarfe biyar na yamma, wayata ta yi ƙara. Dubu goma da ɗari biyu. Ban san lokacin da na danna lambarsa ba. A rayuwata ban taɓa kiransa shi kansa ba, sai dai in kira Inna in ce a gaishe shi. Ya ɗauka, muka gaisa yadda muka saba.

Na ce, "Baffa, na ga an cika dubu goma."

Can ya ce, "Ashe daga can ana gani?"

"Ana gani."

"To ai bai yi nisa ba. Ta bakin kogi na bi. Ruwa ya fara ƙaruwa, ciyawar kacala ta cinye mashayar da muke kai shanu da. Ko kwale-kwale ba ya wucewa yanzu."

Ya ci gaba. Ya faɗa min wanda ya gani a hanya, da gonar wanda tsuntsu ya ɓata, da inda aka yi sabon gini a kan burtali. Minti bakwai muka yi, na duba. Da ya kashe, na shiga ɗakin ajiyar magani na rufe ƙofa na zauna a kan kwali. Murnar da na yi ranar ban yi irinta ba ko ranar da na karɓi takardar gama makaranta.

Daga baya na gane abin da ya buɗe bakin. A ganinsa ba da 'yarsa ta fari yake hira ba, bayanin agogo yake bayarwa ga ma'aikaciyar asibiti, ni kuma ba ubana nake tambaya ba, lamba nake dubawa. Mun samu na uku a tsakaninmu da muke kallo maimakon mu kalli juna. Kunya ba ta hana wannan ba.

Shekarar farko babu abin da zan ce sai alheri. Suga ya sauka, jini ya daidaita, likita ya rage masa ƙwaya ɗaya. Inna ta ce sai da aka rage masa wanduna. Barcinsa ya gyaru, ina gani a waya. Ya daina shiga keken Munzali, ya ce wannan na gajiyayyu ne da Barebari. Hirar kuma ta yi tsawo. Daga labarin hanya sai ya zame ya shiga labarin da, ya faɗa min sunayen shanun ubansa, da yadda tsuntsayen nesa ke sauka a Baturiya da sanyi har ruwa ya yi fari, da ranar da kada ya kusa ɗauke masa maraƙi. Wata rana ya ce ya wuce ta gindin wata tsamiya da ya taɓa kwana a ƙarƙashinta "shekarar da aka yi baƙuwa a gidanmu", domin kunya ta hana shi shiga gida kwana biyu. Sai da na lissafa shekarun na gane ni ce baƙuwar. Shi kuwa ya wuce zuwa maganar farashin taki.

A nan ne na yi kuskuren da ban san ina yi ba. Ranar da ya cika dubu goma, ina kira. Ranar da bai cika ba, ba na kira. Wallahi ba horo nake yi masa ba. In na kira ranar da lamba ba ta cika ba, me zan ce? In ce bai cika ba, na yi wa ubana faɗa ke nan. In ce na kira ne kawai in ji muryarsa, wannan kuma bakina ba zai iya ba. Sai in bari sai gobe. Ni a wurina abin bai kai a lura da shi ba. Shi kuwa mutum ne da ya yi ƙuruciyarsa yana karanta saniyar da ba ta magana, bai yi wata ɗaya ba ya gane tsarin.

Da damina ta biyu ta kama, ya shiga gona dashen shinkafa. Tun safe yake duƙe cikin ruwa da laka har bayan azahar, aikin da ke karya ƙugun saurayi. Da ya fito ya duba agogo, dubu biyu da 'yan kai. Agogo ƙafa yake ƙirgawa, bai san duƙawa ba. Baba Ari ya ba ni labari daga baya cewa Baffa ya zo rumfa ransa a ɓace, ya ce wai yau agogo ya ce bai yi komai ba. Bai zauna ba, ya wuce ya zagaya gari da ƙugun nan nasa har ya cike sauran. Bayan kwana kaɗan ya sakar wa Munzali da 'yan ƙwadago gonar gaba ɗaya. Gonar da ya ciyar da mu da ita shekara arba'in ya bar ta saboda ba ta shiga lissafi.

Zama ma ya gagare shi. In ya yi awa ɗaya a zaune agogon kan motsa ya tuna masa, shi kuma ya miƙe ko ana tsakiyar magana. Ya bar masallacin ƙofar gida ya koma na can bayan kasuwa don ya fi nisa. A wurin ɗaurin aure ana jiran ango, a gan shi yana kai da kawowa a bayan mutane. Rumfar Baba Ari ta zama wurin da yake tsayawa ya yi sallama a tsaye ya wuce. Baba Ari ya riƙa ɗaga murya yana gaya wa 'yan kasuwa, "Ku dubi Fulata, shanu sun ƙare, yanzu agogo ke kiwonsa." Mutane su yi dariya, Baffa ya ɗaga masa hannu bai juyo ba. Da Munzali ya ba ni wannan labari ni ma dariya na yi. Har na ce wa Baffa a waya, "Ai ku kun fi ƙarfin dubu goma." Yabo na yi. Washegari ya yi dubu goma sha uku, kuma bai sake sauka ƙasa da sha biyu ba.

Na aika masa da takalmi kambas, don na san mai suga bai kamata ya yi doguwar tafiya da silifa ba. Lambar ƙafarsa ban sani ba, kuma ba zan tambaye shi ba. Na tambayi Munzali, shi kuma ya faɗa min tasa lambar, ya ce ai ɗaya suke. Ba ɗaya suke ba, ta Baffa ta fi tsawo. Ya sa takalmin a haka saboda daga wurina ya zo, kuma suga ya riga ya kashe masa jin ƙafar, bai san yana cinsa ba. A asibitinmu duk mai suga da ya zauna a gabana, kafin ya gama gaisuwa na ce masa cire takalmi in gani. Tsofaffi sa'annin Baffa nake duba wa tsakanin yatsu kullum, ina yi musu faɗa. Nawa uban kuwa na zo gida sau uku a shekarar, ban kalli ƙasa da gwiwarsa ba.

A ƙarshen daminar ruwa ya zo da yawa. Kogi ya cika ya batse, gonaki suka nutse, hanyoyi suka yanke, mazan gari suka koma kan jinga suna cika buhuna da ƙasa don kada ruwa ya shigo gari. Wata biyu ban samu zuwa gida ba. Amma hankalina a kwance yake, don kullum lamba tana zuwa. Ina nuna wa abokan aikina, ina cewa ku ga tsoho mai shekara sittin da takwas, garinsu ruwa ya kewaye shi, amma dubu goma sha biyu. Hanyoyin da yake bi duk sun jiƙe, a kan jinga yake tafiya, inda ta yi ƙasa ya ratsa ruwa da takalminsa da safarsa, su bushe a ƙafarsa, su sake jiƙewa.

Akwai abin da wayar ta nuna min, kuma na gani. A da kafin la'asar yake cikawa, sai ya koma yana kaiwa dab da magariba. Bugun zuciyarsa in yana hutawa ya tashi daga sittin da wani abu ya haura tis'in. Da a jikin wani na ga haka, da na ce akwai zazzaɓi ko wani ciwo da ke ci a ɓoye. A nasa sai na ce wahalar ambaliya ce. Sau ɗaya na ce, "Baffa, ya jikin?" Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya shiga ba ni labarin buhu nawa aka jera a jinga. Na bar shi ya ci gaba, don labarin nake so.

Baba Ari ne ya kira ni, wata Talata da hantsi. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

"'Yata, ke nas ce ko mai karanta agogo?"

Na ce, "Baba, lafiya?"

"Ubanki ya daina alwala a gaban mutane. A gida yake yi ya sa safa ya fito. Jiya ya tsaya a rumfata, iska ta kaɗo. Ni shekarata hamsin a cikin kifi, na san warin abin da ya fara lalacewa. Wannan ba daga buhuna ya fito ba. Ki zo."

Na shiga mota har inda kwalta ta yanke, na hau kwale-kwale da masu buhunan barkono, na sauka na hau acaɓa. Da na isa bayan azahar, Baba Ari ya riga ya tsare shi a zaure, ya zauna a bakin ƙofa ya miƙe ƙafa ya tare hanya. Na durƙusa na gaishe su. Baffa ya amsa yana kallon tabarma. Jikinsa yana rawa kaɗan, leɓensa ya bushe.

Na ce, "Baffa, ina so in ga ƙafar."

"Ba komai ba ne. Ƙaya ce."

Baba Ari ya ce, "Miƙo ta, bawana, ko in cire maka safar da wuƙar kifi."

Baffa bai mayar masa da tsiya ba, kuma wannan ya fi komai tsorata ni. Ya miƙe ƙafar dama, ya juya fuskarsa ga bango. Na matsa na kwance takalmin da na saya. Safar ta manne, sai da na jiƙa ta da ruwan ɗumi. Tun da aka haife ni ban san na taɓa jikin mahaifina ba sai ranar. Yatsu biyu sun yi baƙi, tafin ya buɗe, kumburi ya haura idon sawu. Na ga irin wannan ƙafa ba sau ɗaya ba, na san inda take zuwa. Na rufe ta da ƙyalle mai tsabta na fita tsakar gida, don kada in yi kuka a gabansa.

A asibitin gari suka yi abin da za su iya kwana biyu, suka tura mu Kano. A can likitoci suka ce ciwon ya shiga ƙashi, in ana son ransa sai a cire daga ƙasan gwiwa. Munzali ya sa hannu a takarda. Baba Ari ya rufe rumfa ya biyo mu, ya zauna a kan benci a baranda yana jan carbi. Ranar da aka shiga da Baffa ɗakin tiyata na zauna kusa da Baba Ari, haushi ya cika ni, na fara faɗa. Na ce mutum da girmansa, yana ganin ƙafarsa tana ruɓewa, me ya hana shi ya kwanta ko na kwana uku ne? Wane irin taurin kai ne wannan?

Baba Ari ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Na faɗa masa haka. Tun sati uku da suka wuce na ga yana ɗingishi, na ce Fulata ka kwanta ka huta. Ya ce in ya kwanta, wayar ba za ta yi ƙara ba."

Ya koma kan carbinsa. Na ciro wayata na buɗe jerin kiran da na yi, na buɗe lambobin agogo, na bi su rana rana har wata goma sha huɗu baya. Babu rana ɗaya da na kira shi bai cika ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan ni na ja ruwan, shi ya sha duka. Na yi nadamar da ban san akwai irinta ba, kuma ba ta rage komai daga abin da ake yi a cikin ɗakin nan ba.

Ya warke, muka dawo da shi gida da sandunan dogarawa waɗanda ya ƙi jinin gani. Agogon da aka cire masa a asibiti na miƙa wa Munzali na ce ya jefa shi a kogi. Na yi wa kaina alƙawari zan riƙa kiransa kullum, ba sai da dalili ba. Kuma na fara. Sai dai kiran ba ya kai minti ɗaya. Ina wuni, lafiya lau, ya jiki, da sauƙi, madalla. Sai shiru, ina jin numfashinsa, yana jin nawa. Can ya ce, "Ga ta nan," ya miƙa wa Inna. Na gwada tambayarsa labarin shanu, ya ce ai ya wuce. Na tambaye shi ruwa, ya ce bai fita ya gani ba. Bayan sati uku kiran ya yi min nauyi, na fara tsallake kwana ɗaya, sannan biyu, sannan na koma kiran Inna ina cewa a gaishe shi.

Wajen wata uku da dawowarsa, ina cikin ba wa wata mata magani, wayata ta yi ƙarar da na manta da ita. Taku dubu ɗaya da ɗari huɗu. Na kira Munzali na fara zazzaga masa, na ce agogon da na ce ya jefar shi ne ya ɗaura yana yawo da shi? Ya ce shi yana hanyar Gumel da fasinja, hannunsa babu komai. Ya ce bai jefar ba, ya ajiye ne, kuma Baffa ya tambaye shi, wai yana so ya riƙa duba lokacin salla. Washegari lamba ta zama dubu uku. Bayan sati ta kai dubu bakwai.

Ranar Asabar na tafi gida ban faɗa wa kowa ba. Na isa da hantsi. Ƙofar zaure a buɗe take, na hango shi kafin ya gan ni. Yana zaune a kan tabarma, ya jingina da bango, dungun ƙafar a rufe da gefen riga. Hannun hagu yake kaɗawa, gaba, baya, gaba, baya, kamar mai tafiya. In ya yi kamar ɗari sai ya tsaya ya duba agogo, ya huta, ya sake farawa. Na ja da baya a hankali na koma bakin titi, na tsaya har na ji zan iya magana, sannan na dawo na yi sallama da ƙarfi tun daga nesa. Da na shiga hannunsa yana kan cinyarsa. Muka gaisa yana kallon tabarma. Inna ta ce min a cikin gida tun bayan asuba yake farawa, ba ya barin abin sai in Baba Ari ya zo, shi ma don kada ya yi masa tsiya.

Na koma Dutse ranar Lahadi. Ranar Litinin, ana dab da kiran magariba, lamba ta kai dubu goma da talatin. Na daɗe riƙe da wayar. Ya san na san ba shi da ƙafar da zai yi wannan tafiya. Na kira.

"Baffa, na ga yau an yi ƙoƙari."

"An ɗan taɓa," ya ce. Ya gyara murya. "Ari ya ce kifi ya yi araha bana, ruwan nan ya zo da shi. Da can in aka yi irin wannan ambaliya, da ruwa ya janye sai mu kaɗa shanu mu sauka..."

Minti goma sha ɗaya muka yi.

Na gwada rage masa adadin a ɓoye, na mai da shi dubu uku. Kwana ɗaya ya gane, ya ce wa Munzali a mayar masa da mudunsa yadda yake, shi ba mabaraci ba ne. Yanzu kullum nake kira, ya cika ko bai cika ba, wannan kam na gyara. Amma ranar da bai cika ba, daga gaisuwa sai ya miƙa wa Inna, ranar da ya cika ne kawai bakinsa ke buɗewa. Satin da ya wuce Inna ta faɗa min kafaɗar ta fara yi masa ciwo, har ba ya iya sa riga sai an taya shi. Na ce ta shafa masa man zafi, ta riƙa gasa masa da ruwan ɗumi. Ban ce ta karɓe agogon ba.